Habsatu Mai Awon Kuran

Duk wanda ya zauna a unguwar Kalley ta Yamai ya san Habsatu mai awon kuran, wato wutar lantarki, ko da bai taɓa yi mata magana ba, domin muryarta tana riga ta isa wuri. Doguwa ce, siririya, da tabarau rataye a wuya da zaren ɗinki. Mutane suna cewa faɗa gare ta. Ni da ƙofar gidanmu ke kallon tasu ba zan musa ba, amma ba da shi aka haife ta ba. Na san shekarar da ya shige ta.

Iyayenta mutanen Dogondutsi ne. Ubanta tela ne, ya zo Yamai da keken ɗinki ɗaya, ya kama rumfa kusa da babbar kasuwa tun kafin gobara ta cinye ta. Shi ya kai ta lekol, makarantar boko, da hannunsa. Kanta yana ja a lissafi, har malamai suka riƙa aika ta allo ta gyara wa maza. Da ta gama, gwamnati ta tura ta koyon ƙididdiga, ta dawo aka ba ta aiki a wani biro, wato ofis, mai tattara alƙaluman amfanin gona. Ta auri Abdulaye, direban kamyo, babbar motar kaya, mutum mai sanyin hali wanda zai iya wuni bai ce uffan ba. Suka haifi ƴaƴa biyu. A wancan lokacin in ka ji muryar Habsatu daga gidanmu, to dariya take yi.

Daminar 1984 ta ƙi. Gero ya tsiro ya kai gwiwa ya tsaya, ya bushe a tsaye. Aka tura Habsatu rangadi ƙauyukan arewacin Yamai ta auno abin da aka girbe. Ta leƙa rumbuna ta ga babu ko ƙaiƙayi. Ta ga mata suna tona gidan tururuwa suna sheƙe ƙasa don ƴan ƙwayoyin da tururuwa ta ɓoye. Da ta dawo ta rubuta komai ƙauye bayan ƙauye, yadda ta gani.

Shugaban biron bai so haka ba. Lamba ɗaya yake so, abin da suke kira mwayen, wato a haɗa duka ƙauyuka a raba daidai. Da yake ƙauyukan bakin kogi sun samu ƴar shinkafa, in aka haɗa aka raba sai lambar ta fito da ɗan kyan gani. A taron da aka yi, Habsatu ta miƙe ta ce masa, "Darakta, in ni na ci kwano biyu kai ba ka ci komai ba, mwayen ɗinmu kwano ɗaya-ɗaya ne. Ka ƙoshi?"

Babu wanda ya yi dariya. Zamanin soja ne, kowane biro akwai mai kaki zaune a gefe yana saurare. Ba a kama ta ba. Sai dai ba a yi nisa ba aka ce an canza mata wurin aiki.

Wani bene ne mai hawa huɗu a unguwar Plateau. A sama ofisoshin manyan hafsoshi ne masu kula da rabon agaji. A ƙasa akwai ɗakin sanyi, da manyan firigo, wato firiji, guda uku cike da allurar rigakafin ƙyanda. Turawan da suka ba da firigon sun sa sharaɗi a riƙa auna ƙarfin kuran da ke shiga gidan, suka bar wata na'ura mai ƴar allura da tawada, tana zana layi a kan takarda mai naɗi dare da rana. Aikin Habsatu shi ne ta canza takardar in ta ƙare, ƙarshen wata ta cika lamba ɗaya a rapor, wato rahoto. Aikin da masinja zai yi. Ɗakinta a ƙarƙashin matakala yake, babu taga, allon fizibil, wato fiyus, na gidan duka yana jikin bango a bayanta.

Da farko ba ta ko kallon layin. Takan yanke takarda ta jefa a kwali ta zauna tana huci. Wanda ya sa ta fara kallo shi ne Alu, tsohon mai gyaran kuran na gidan, mutumin Damagaram, wanda ya koyi aiki tun hannun Faransawa. Kullum yakan shigo ya duba allon fizibil, ya tsaya ya kasa kunne.

"Me kake saurare, Baba Alu?"

"Firigo, ɗiyata. Ba ki ji yana nishi ba?"

Ya jawo ta gaban na'urar ya nuna mata. Kuran na ƙwarai, in ji shi, volt ɗari biyu da ashirin ne. In ya ɗan hau ko ya ɗan sauka ba komai. Amma in ya faɗi sosai, injin firigo yakan yi ta ja da ƙarfi bai samu abin da yake nema ba, ya yi zafi, wata rana ya ƙone. "Ɗaukewar kuran ba ta kashe inji," in ji shi. "Kuran mai rauni shi ke kashewa."

Habsatu ta fiddo takardun da ta jibge a kwali ta shimfiɗa su a ƙasa. Abin da aka koya mata ke nan, kuma hannunta yana ƙaiƙayin aiki. Ta raba layin sa'a-sa'a, ta ware ranakun aiki daban, Lahadi daban. Ta ƙirga sau nawa allurar ke faɗuwa ƙasa da inda inji zai jure, da tsawon lokacin da take yi a can. Mwayen na wata ya fito lafiya lau, kusa da ɗari biyu da goma. Amma daga azahar zuwa la'asar, a ranakun aiki, layin yakan rufta har ɗari da saba'in. Ran Lahadi kuwa a miƙe yake kamar an ja da zare. Ba wani ɓoyayyen abu ba ne. Lokacin ne ake kunna duk na'urorin sanyaya ɗaki na sama, kilim ɗin manya. Alu ya daɗe da sanin haka da kunnensa. Abin da Habsatu ta ƙara shi ne ta ga ramin da layin ke ruftawa yana ƙara zurfi mako bayan mako, ga bazara tana tahowa, ga kogi yana janyewa, kuran ɗin gari duka yana raguwa.

Ta rubuta rapor ta hau da shi wurin Kumanda Halidu, hafsan da ke riƙe da gidan. Injiniya ne na soja, ba jahili ba. Ya karanta a tsanake, har ya ɗauki alƙalami ya sake wani lissafi ya ga daidai ne.

"Aikinki ya yi kyau, Madam."

"To a kashe kilim daga azahar zuwa la'asar, Kumanda. Ko a ja wa ɗakin sanyi layinsa shi kaɗai."

"Layi an rubuta, ana jira. Kilim kuwa, wa zai hau ya gaya musu? Ni?" Ya nuna galan kafaɗarsa, alamar muƙaminsa, ya nuna rufi. "A rapor na wata ki sa mwayen, shi takardar ta tambaya."

"Mwayen ba ya nuna komai!"

"Na sani. Kala suuru, Madam."

Da Zabarmanci ya faɗa, wato sai haƙuri. Ta gaya mini daga baya cewa tun daga ranar in ta ji wannan kalma sai ta ji kamar an watsa mata barkono a ido.

Ta sake hawa, ta sake. Har sakatarensa ya daina barinta ta wuce. Alu ya yi iyakar abin da zai iya: ya ɗaure wayoyi, ya kawo fanka ya sa wa injinan, yana jiƙa buhu yana shimfiɗa musu. Da bazara ta tsaya sosai, aka yi wani babban taro a sama da baƙi daga waje, aka kunna kowane kilim da ke gidan tun hantsi. Kafin la'asar warin ƙonanniyar waya ya cika ƙasan benen. Firigo biyu sun tafi. Aka tura abin da zai shiga cikin na ukun, sauran ya kwana a zafi. Da safe Zeinabu, malamar asibitin da ke riƙe da allurar, ta zauna a bakin ƙofa tana ware kwalabe, masu rai gefe guda, matattu gefe guda, hawaye yana zuba ba ta share ba.

A makon nan Zeinabu ta tafi da Habsatu wani zango a bakin kogi, wajen Tondibia, inda makiyayan da dabbobinsu suka ƙare suka kafa bukkoki da tsumma da kwali. Ƙyanda ta riga ta shiga. Mata sun yi layi cikin rana da ƴaƴa a hannu, wasu yaran kansu ya fi jikinsu nauyi. Allurar da aka zo da ita ta ƙare layin bai kai rabi ba. Zeinabu ta hau bayan mota ta ce su dawo wani mako. Wata mata ta kama bakin zanen Habsatu, ta ɗaga mata yaronta ta gani. Sai da direba ya ɓamɓare yatsunta kafin motar ta tashi.

Da suka koma Plateau suka tarar da motar jandarma a ƙofa. Alu aka zo ɗauka. An ce sakaci ne, wani ma ya ce zagon ƙasa. A gaban Habsatu wani yaron jandarma, sa'an jikansa, ya kwaɗa masa mari har hularsa ta faɗi, suka tura shi mota ba su bari ya ɗauka ba.

Wannan karon ba ta tsaya wurin sakatare ba. Ta banka ƙofar.

"Kumanda, kai ka san ba shi ba ne!"

"Rufe ƙofar, Madam."

"Rapor ɗina yana cikin durowarka. Ka karanta, ka ce daidai ne. Da bakinka ka faɗa!"

"Na faɗa. Amma Turawa sun tambaya, na sama sun tambaya, dole a rubuta sunan wani. Ki yi shiru. In abin ya lafa ni da kaina zan fito da shi."

"Kilim fa?"

Ya kau da kai. Nasa ma yana kunne a bayansa, yana kaɗa takardun tebur.

Washegari bayan azahar tana zaune a ɗakinta ƙarƙashin matakala, hular Alu a kan tebur, allurar na'urar ta fara sauka. Ta ga ta wuce ɗari da tamanin. Ta ga ta wuce ɗari da saba'in. Ta cikin bango tana jin firigon da ya rage yana nishin nan da Alu ya koya mata ji, kuma duk allurar rigakafin da ta saura a cikinsa take. Daga sama tana jiyo dariya da ƙarar cokali a kofi.

Ta tashi ta kulle ƙofa, ta tokare da tebur. Ta sa safar robar Alu, ta buɗe allon. Ta sha ganinsa yana yi, ta san wane jere ne na sama. Ta fizge na farko, tartsatsi ya tashi ya ƙone ta a wuyan hannu inda safar ba ta kai ba. Tabon yana nan har yau. Ba ta tsaya ba. Ta fizge su duka, hawa uku. Fizibil ɗin na tangaran ne, manya. Ta jera su a siminti ta ɗauki gudumar Alu ta farfasa su ɗaya bayan ɗaya, har da na ajiya da ke cikin akwati. Sannan ta juya ta dubi na'urar. Allura ta hau, ta tsaya a sama. Nishin ya daina.

Aka fara gudu a matakala bisa kanta. Aka buga ƙofa, aka kira sunanta, aka zage ta. Ta zauna a kujera tana hura hannunta har suka karya ƙofar da gindin bindiga.

Tambaya ɗaya suka yi ta yi mata a inda aka tsare ta: wa ya aike ki? Ta ce ba kowa. Ba su yarda mace za ta buɗe allon kuran da kanta ba. Suka ce Alu ne ya koya mata, safarsa ce, gudumarsa ce, ashe dai shiri ne tun farko. Ta rantse, ta yi ihu har muryarta ta dushe. Suka rubuta abin da suke so.

Abdulaye ya ajiye kamyo ya shiga bin ƙofofi. Ubanta ya tara dattawan Dogondutsi mazauna Yamai suka je suka durƙusa wa wanda ya san wani. Bayan wasu makonni aka sake ta, aka kore ta daga aiki. Alu kuwa ba shi da dattawan da za su durƙusa. Aka ɗauke shi zuwa wani kurkuku can arewa cikin hamada.

Firigon bai ƙone ba. Kafin a samo wasu fizibil, Zeinabu ta kwashe allurar duka a akwatunan ƙanƙara ta kai zangunan bakin kogi. Bayan damina aka ja wa ɗakin sanyin layinsa, aka yi biki, aka yanka ƙyalle, rediyo ya yaba wa hangen nesan hukuma. Ina tsakar gidan su Habsatu ranar. Habsatu ta murɗa makunnin rediyon da ƙarfi har ya cire a hannunta.

Ta yi watanni ba ta fita ba, tana faɗa da yara, tana faɗa da tukunya. Abdulaye ne ya gaji, a wata tafiya da ya yi Kano ya sayo mata agogon awon kuran na hannu, tsoho, ya ajiye mata a kan gado. Mai gidan burodin layinmu injin kwaɓinsa ya ƙone sau biyu, ta je ta ce ya bar ta ta zauna mako guda. Ta zauna a kan buhun fulawa tana aunawa tana rubutawa, ƙarshen mako ta gaya masa sa'o'in da zai kunna inji da waɗanda zai bar shi ya huta, ta nuna masa wayar da ta cika siranta. Injin bai sake ƙonewa ba. Daga nan sai masu kantin magani, masu hoto, masu sayar da ƙanƙara, teloli masu keken kuran. Kowa ta yi wa aiki sai ta yi masa faɗa, wanda ya ɗora kaya da yawa a layi ɗaya, wanda ya sa waya a madadin fizibil. Suna jurewa, don abin da ta faɗa yakan tabbata.

Alu ya dawo bayan fiye da shekara. Ya rame, haƙoran gaba sun zube, kunne ɗaya ya mutu. Habsatu ta dafa abinci ta ɗauka har gidansa. Ta same shi a zaure. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya juya mata kunnen da ba ya ji. Ta zagaya ɗaya gefen.

"Baba Alu, sannu da dawowa."

"Wa ya aike ki?"

Ta yi tsammanin ba'a yake yi da tambayar jandarma. Ba ba'a ba ce.

"Kumanda ya riga ya aika wa iyalina cewa Jumma'ar makon da aka kama ni za a sake ni. Kin sani? Matata har ta wanke mini kaya. Sai kika ɗauki gudumata."

"Da na bari firigon ya ƙone fa, Baba?"

"Da ya ƙone. Sun ƙona biyu, da sun ƙona na uku, laifin yana kansu. Ni kika ƙona."

"Yaran Tondibia fa? Na gan su da idona!"

"Ni ma ina da yara, ɗiyata. Ƙaramar ta rasu ina can. Ban ga kabarinta ba sai jiya."

Ba ta san wannan ba. Ta tsaya da kwanon a hannu, ta rasa inda za ta ajiye shi. Ba ta ce ya yafe mata ba, shi ma bai nemi ta ce ba. Ta dawo gida ta shigo wurina maimakon nasu, ta zauna a bakin rijiya. Na ɗauka kuka za ta yi, sai na ji tana magana haƙora a cije. Ta ce mutanen nan na saman bene ba su taɓa jin zafi ba ko na wuni ɗaya, sun zauna a sanyi sun bar ta ita da tsoho su zaɓi wanda zai mutu, yanzu kuma ita da tsohon ne ba sa ga maciji, su kuwa an ƙara musu gala. Ta ce da za a mayar da ita ɗakin nan da ta sake fasa fizibil ɗin, kuma sanin hakan ne ya fi ci mata rai.

Ba wanda ya yarda ya ɗauki Alu aiki, ana tsoron sunansa. Wata safiya sai ga shi a ƙofar gidan su Habsatu da jakar kayan aiki, ya ce ya ji tana gaya wa mutane wayarsu ta lalace, to wa ke gyarawa? Haka suka fara aiki tare, ita tana awo shi yana gyara, suka kama ƴar rumfa bayan an sake gina kasuwa. Da yake ba ya ji sosai sai ta ɗaga murya, shi kuma ya rama, har masu wucewa su tsaya su ga ko dambe za a yi. Sukan yi gardama a kan kaurin waya, a kan shayi, a kan wanda ya bar ƙofa buɗe. Maganar ranar nan kaɗai ba su sake tayarwa ba, kuma ban taɓa jin ɗayansu ya sauko daga inda ya tsaya ba.

Da mulki ya koma hannun farar hula aka kira waɗanda aka kora ba bisa ƙa'ida ba su koma bakin aiki. An kira Habsatu. Ta tambaya ko za a wanke sunan Alu a faɗa a rediyo cewa ba shi ya ƙona firigo ba. Aka ce wannan ba ya cikin abin da aka ba su iko. Ta ce to ita ma ba ta cikin abin da aka ba su iko, ta tashi ta fito.

Alu ya rasu a hannun matarsa, da tsufansa. Habsatu ta rufe rumfa har aka yi sadakar bakwai, ta buɗe ta ci gaba ita kaɗai, tana ɗaukar masu gyara tana korarsu. Yanzu idonta ya yi rauni, ba ta hawa bene. Ƴarta Balkisa ce ke yawo da sababbin na'urori masu ajiye awo da kansu, ta kawo mata sakamakon gida ta karanta mata da ƙarfi. Habsatu takan saurara ido a rufe, ta tsayar da ita a tsakiya ta ce ta koma baya, akwai abin da ta tsallake. Abdulaye yana gefe a kan tabarma yana jan carbi, ya tsufa shi ma. Na taɓa tambayarsa yadda ya yi ya zauna da ita duk shekarun nan. Ya ce shi ma ran nasa a ɓace yake tun wancan lokacin, ita dai ce ta iya faɗa.